Hannun Aron Baba Yatsa-Biyu

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya fita ya gama ya dawo. Yau zan gabatar muku da Babbar Maigadin Kamfani, wadda ba ta da sanda, ba ta da tocila, ko ɓera ba ta taɓa kamawa ba. Shugabar masu zura ido, uwar ɗakin da ba shi da taga, mace ɗaya tilo da ke yawo da rigar sanyi rana na dukan tsakiyar ka. Ita ce yayata, ciki ɗaya muka fito, ko da yake in ka tambaye ta a gaban mutane sai ta ɗan yi jim kafin ta amsa.

Ni da makaranta mun rabu lafiya tun kafin abin ya kai ga rigima, don haka kada wani ya zo mini da jan biro. Labarin nan guntu-guntu na tsince shi, galibi lokacin da Yaya ke tsammanin hankalina na kan waya.

Tun tana ƙarama ba ta da wata baiwa sai ta lura. Ba ta iya waƙa ba, ba ta iya faɗa ba, gudu kuwa ko agwagwa ta fi ta. Amma a taɓa tukunyar Umma a mayar da murfi, Yaya na shigowa za ta ce ba haka aka bar shi ba. Ba ta cewa wane ne. A kan murfin kawai take magana, ta koma gefe abinta, wani kuma ya sha duka. Har yau tana rantsuwa ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, kuma in an bi diddigi ba ƙarya ta yi ba.

Ta yi karatu har inda ƙarfin gida ya tsaya, ta ƙarasa sauran a wani shagon kwafin takardu, inda ta koyi kwamfuta tsakanin shara da shara. Da mahaifinmu ya rasu, amininsa ya zo ya ce ta saka takalmi ta biyo shi. Ya kai ta inda yake aiki, wani kamfanin aika kaya. Ka kawo kwalinka, a shigar da adireshi a kwamfuta, a manna takarda, a loda a mota, a kai wa mai shi. Wannan aminin shi ne Baba Yatsa-Biyu.

Baba ya fara aikin tun zamanin biro da takardar kabon, kuma rubutunsa na lokacin, in ji waɗanda suka gani, kamar a rataye a bango. Da kwamfuta ta zo sai ta mayar da shi ɗan koyo da furfurarsa. Yatsa biyu yake sa mata, ɗaya na rubutawa, ɗaya na bin baya yana gogewa, shi ya sa sunan ya bi shi. Teburinsa na kusa da ƙofa, da matashin da matarsa ta ɗinka masa saboda ciwon baya, da wani kofi mai tsagaggen baki wanda ba ya yarda kowa ya wanke masa.

Yaya ta fara da rarrafe a ƙarƙashin tebura tana haɗa wayoyi da lallashin firinta. Daga baya wata cuta ta shiga kwamfutocin ta tsayar da aiki, motoci suka yini a harabar ba lodi, Mai Kamfani ya ce dole a sa wa na'urorin nan maigadi. Aka duba wanda ba zai yi musu ba, aka ga Yaya. Aka share mata ɗakin ajiye kwalaye, aka girke babbar kwamfuta mai gurnani, da na'urar sanyi don kwamfutar, ba don ita ba, da kujera mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya.

Ga yadda aikin yake, gwargwadon abin da kaina ya ɗauka. Kowace kwamfuta magulmaciya ce. Kome aka yi da ita sai ta rubuta layi: an kunna ni, wane ya shiga, an buɗe kaza, an gyara kaza, na yi magana da wata a waje. Layukan nan duka su gangaro ɗakin Yaya, su taru su zama abin da suke kira rajista. Ta zauna tun safe har tashi tana karanta gulmar na'urori, tana neman layin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Akwai kuma ƙararrawa, wani jan akwati da ke faɗowa a fuskar kwamfutar in ya ga abin da bai gamsu da shi ba. In ba abin da ya faru, a ce wai me yarinyar nan ke yi a ciki. In abu ya faru, a ce tana ina.

Ana haka hannun Baba ya fara rawa. Dokar kamfanin kuwa, in ka bar kwamfuta ta ɗan huta sai ta kulle kanta, kalmar sirrin kuma doguwa ce, haruffa manya da ƙanana da wasu alamomi kamar ƙwari a tsakani. Ka kuskure kaɗan ta bar ka a waje. Baba ya yini yana sallama a ƙofar kwamfutarsa, layin masu kaya ya kai bakin titi, Manaja ya fara tsayawa a bayansa yana kaɗa mukullai. Kowa a ofishin ya san ma'anar kaɗa mukullan nan.

Sai Yaya ta haɗa masa wata 'yar manhaja, ba ta fi 'yan layuka ba. Aikinta ta danna maɓallai ta motsa maus, ɗan linzamin nan na kwamfuta, kamar yadda hannun mutum ke yi. Baba ya taɓa maɓalli ɗaya, ita ta buɗe shafi, ta kwaso adireshi daga saƙon mai kaya, ta cike, ta tura wa firinta. Ranar farko ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya yana kallon haruffa na fitowa su kaɗai, ya yi salati, ya ce ashe har hannu ana bayarwa aro. Nan take abin ya sami suna, hannun aro. Yaya ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Bai gaya wa kowa ba sai maƙwabciyar teburinsa, ita ma don ta matsa ne.

A ofishin nan abin da ke hannunka na kowa ne, caja ce ko sukari. Wanda ya hana, an sa masa suna ke nan har ya bar aiki. Hannun aro ya shiga wannan sahu. Ya rinƙa bin filas, ɗan abin nan da ake cusa wa kwamfuta a kwafi kaya, daga tebur zuwa tebur, kowa na ƙara masa nasa gishirin. Wani ya koya masa gaishe da masu kaya. Wani ya koya masa jijjiga maus don kada kwamfuta ta kulle, Manaja ya ga kamar mutum na kan aiki, alhali yana bayan motoci yana waya da budurwa.

Ƙararrawa kuwa ta haukace, domin a wajenta duk abin da ke danna maɓalli ba da yatsa ba ɓarawo ne. Jan akwati ya rinƙa zubowa, Yaya na share ɗaya wasu na faɗowa, har ta daina ganin sauran layukan. Ta je ta sami Manaja ta ce ko dai a hana, ko a sayo abin da zai iya bambance ɗan gida da baƙo. Hanawa, ya ce kada ta soma, yanzu ne aiki ke sauri. Saye kuma sai baɗi. Ta koma ɗaki ta dafe kai. Daga ƙarshe ta rubuta wa ƙararrawar umarni ɗaya: duk abin da sunansa hannun aro, ki yi shiru. Ɗakin ya yi tsit. Ranar ta ci abincinta da zafinsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

An jima ana zaman lafiya kafin kaya su fara ɓata. Ba kowane kwali ba, ɓarawon na da zaɓe, wayoyi da kwamfutocin hannu yake so. Za a karɓi kaya da adireshi daidai, kafin a loda adireshin ya sauya, direba ya kai ƙofar wani kango, wani ya fito ya sa hannu ya karɓa, shi ke nan. Masu kaya suka cika kanta, wata mata har ta cire takalmi ta buga a tebur. Manaja ya duba wa ke sauya adireshin. Kowane sauyi da sunan Baba aka yi shi, a kwamfutar Baba.

Ya kira Yaya ya tura ƙofa. Ya ce ba dogon bincike yake so ba, takarda yake so daga rajista mai tabbatar da abin da ya gani, ya kai wa Mai Kamfani kafin ƙarshen mako. In takardar ta ce Baba, to Baba zai bar kujerarsa da sunan ɓarawo, watakila ma 'yan sanda ne za su raka shi.

Ta koma ɗaki ta ja rigar sanyinta. Abin da ta fara gani shi ne Manaja bai yi ƙarya ba, ga sunan, ga kwamfutar. Ta zauna tana sauraren gurnanin na'ura. Sai halin nan nata na murfin tukunya ya motsa. Hannun aron da ta haɗa bai iya sauya adireshi ba, ba ta koya masa ba, sauyi da yatsa ake yi. Ta kuwa san tafiyar yatsun Baba a rajista kamar yadda ta san tarinsa: a rubuta, a jira, a goge, a sake jira. Waɗannan sauye-sauyen kafin ƙiftawar ido an gama su, tazarar harafi da harafi ɗaya sak, ba kuskure ko na ɗigo. Ko Manaja mai taƙama da yatsu goma ba ya rubutu haka. Kuma duka da tsakar rana ne, lokacin da Baba ke fita ya zauna a bencin mai shayi a bakin get.

Sai ta ɗage shirun da ta ɗora wa ƙararrawa ta leƙa ƙarƙashinsa. Hannun aro biyu ne a kwamfutar Baba. Nata na nan inda ta ajiye shi, ya daɗe ma bai motsa ba. Ɗayan na can wani lungu inda tarkace ke taruwa, ya ɗauki sunan nata ya yafa. Da an kunna kwamfuta yake tashi, ba sai an kira shi ba. Da safe ya yi wa Baba aiki tsakani da Allah. In ya ji maus ya daɗe bai motsa ba, ya san tsoho ya fita, sai ya kira wani adireshi a waje, a ba shi umarni, ya sauya abin da aka ce, ya koma ya kwanta. Kullum ƙararrawa na ganinsa, kullum tana kame bakinta, don haka aka ce ta yi.

Ta sami Baba a kan bencin, kofinsa a hannu yana rawa, shayin na zuba a wandonsa. Ya riga ya ji abin da ake faɗa, tun safe ba wanda ya roƙe shi sukari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi inda ya sami sabon hannun aro. Ya ce nata ya daina aiki tun da kamfani ya sake fasalin shafin, sai wani direba ya miƙo masa filas, ya ce wannan sabo ne, ya fi na da gudu. Direban kuma wani ya ba shi, wanin ma wani ya ba shi.

"Baba, me ya hana ka kawo mini in duba?"

"Na zo. Na leƙa na gan ki kin dafe kai, sai na juya."

"Ai aikina ne."

"Kin yi mini sau ɗaya, kin kuma. 'Yar aminina ce ke, ba 'yar aikena ba. Kullum tsoho ya zo yana cewa a yi masa, a yi masa, da wane ido?"

Ya miƙa mata kofin ya ce ta kurɓa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ta kurɓa. Shayin ya huce.

Sauran kwanakin ta ƙarar da su a ɗakin nan. Ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ta tarar baƙon ya shiga da yawa daga cikinsu, yana kwance bai fara aiki ba tukuna, da Baba kawai aka fara don shi ya fi daɗewa a waje. Ta nemi ranar da ya fara shigowa, sai ta tarar babu. Babbar kwamfutar cikinta ƙarami ne, in sabuwar gulma ta zo sai ta zubar da tsohuwa, wannan ma an ce mata sai baɗi. Adireshin wajen da yake kira kuwa, kafin ta gama rubuta shi ya sauya. Ɓarawo dai ba fuska, ba suna, ba inda za a je a ƙwanƙwasa. Abin da ke hannunta kawai shi ne ba Baba ba ne. Ta ce wannan ma ya isa.

Don kada a ce ta yi son kai, sai ta yi aikin yadda ya kamata. Ta buga layukan satar a gefe ɗaya, ta buga aikin Baba na yini cikakke a ɗaya gefen, yadda ko makaho zai shafa ya ji bambancin hannun mutum da na na'ura. Ta jera su a teburin Manaja ta yi bayani a tsaye.

Manaja ba daƙiƙi ba ne, kada wanda ya ɗauka haka. Kafin ta kai rabi ya gane. Ya ce ya yarda, ba Baba ba ne, ba maganar 'yan sanda. Yaya har ta kai hannu za ta tattara takardun. Amma ya danne ɗaya da yatsa, ta aikin yinin, ya jawo ta gabansa ya gyara tabarau.

"Waɗannan na safe fa, masu gudu?"

Ta ce hannun aron ne ke cike adireshi.

"Waɗannan 'yan tsirarun masu ɗingishi?"

Ta ce Baba ne.

"Aikinsa ke nan a yini?"

Nan ta ga abin da ta shimfiɗa masa da hannunta. Takardar da ta wanke Baba daga sata, ita ce ta nuna cewa tun tuni ba Baba ke aikin Baba ba. Tsohon na zuwa ne ya taɓa maɓalli ɗaya ya ɗumama kujera. Ba ta ce ba shi da amfani ba. Murfin kawai ta nuna.

Ta ce ita ce ta sa ƙararrawar ta yi shiru, ita ce ta haɗa hannun aron tun farko, in mutum ake nema ga ta.

"In na sallame ki wa zai karanta mini wannan tarkacen?" in ji Manaja.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ta fi jin daɗi. Ya ce Mai Kamfani mutum yake son ji an hukunta, ba zai je ya ce masa an sallami manhaja ba. Baba ne ya cusa filas ɗin da bai san asalinsa ba, wannan sakaci ne, kuma sakaci za a rubuta, ba sata ba. Ya ce ta gode wa Allah da ta samar masa wannan. Har ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, tunda ta iya, ta haɗa wani hannun aron mai tsabta, na kamfani, wanda zai riƙe teburin nan na bakin ƙofa.

Baba ya tattara kayansa da yamma, ana tsaka da lodi. Ba su da yawa: matashin, kofin, gidan tabarau. Ya bi tebur-tebur yana neman gafara, wasu suka amsa idonsu na kan kwamfuta, da filas ɗinsu a aljihu. Da ya zo ƙofar ɗakinta ya tsaya bai shiga ba, ya ce ya ji ta wanke shi, Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Wankin kuwa a takarda ya tsaya. A unguwa abin da aka sani shi ne kaya sun ɓata a kamfani, an sallami Baba. Wa zai zauna ya yi wa mai kayan miya bayanin tazarar harafi da harafi? Yaya ta gwada a wajen Umma, ta faro tun daga ƙararrawa. Umma ta saurara har ƙarshe tana ninke wanki, sannan ta ce ita dai abin da ta fahimta, mutumin da ya kama hannunki ya shigar da ke, takardarki ce ta fitar da shi. Da Yaya ta je gaishe da su Baba, matarsa daga bayan labule ta amsa, ta ce yana barci. Takalmansa ba sa ƙofar.

Yanzu ƙararrawa ta dawo da bakinta, jan akwati tun safe har tashi, Yaya ta koma cin abinci da sanyinsa. An manna sanarwa a bango an hana filas. Ba a daɗe ba hannun aro ya dawo yawo ta ƙarƙashin tebura, an dai sake masa suna, domin har yanzu wanda ya hana marowaci ne. Tana gogewa yau, gobe ta ga wani. Kwali na ɓata jefi-jefi, ta rubuta rahoto, Manaja ya ce ya gani, sayen kuma sai baɗi. A teburin bakin ƙofa kwamfuta na kunne, kujera ba kowa, haruffa na fitowa su kaɗai, ba kuskure ko na ɗigo. Ita ta haɗa shi, kuma yana aiki lafiya lau. In za ta wuce ta nan sai ta duƙar da kai kamar mai neman abin da ya faɗi. Wasu ranakun da tsakar rana Baba kan zo bencin mai shayi ya zauna da kofinsa, ya ce ƙafa ce ta saba. Ranakun nan Yaya ba ta fitowa.

Da na gama rubuta wannan na same ta a tsakar gida ta dawo daga aiki, ta jiƙa tsumma ta ɗora a idanunta. Na ja kujera na gyara murya, na karanta mata tun daga Babbar Maigadin Kamfani har ƙasa, ina ɗaga hannu a wuraren da suka dace. Na ce Yaya, yau na shigar da ke tarihi, jikokinki za su san ke ce kika gano ɓarawon da ba shi da fuska. Ba ta ko ɗaga tsumman ba.

"Ka gama? To ɗaga, a kan ɗankwalina kake zaune."